Zinkin Hajja Hannatu Yana Numfashi

Kun gani. Kada ɗayanku ya ce min bai gani ba, domin waya tana nuna min sunan duk wanda ya buɗe saƙo. Ranar Litinin na saka hoto a gurub ɗin 'ya'yan hillarmu, wato ƙauyenmu, hoton rumfa mai ja da shuɗi a jikinta, na rubuta a ƙarƙashinsa cewa rufin nan zai tashi wata rana, kuma iyayenmu mata ne suke zama a ciki. Na Hartum sun buɗe. Na Jidda sun buɗe. Har wanda yake Libiya, mai kukan rashin sabis kullum, ya buɗe. Me na samu? Furanni, da hannayen addu'a, da wata baiwar Allah da ta biyo ni ta gefe tana tambaya ko zanen lallen bikina ne, don ita ma tana son irinsa.

Amma da na ba ku labarin turaren da Abdulmuttalib ya kawo min, har zafi wayata ta yi don sharhi. Wane iri ne, a wace kwalba, da ya miƙo miki ke ya kalla ko ƙasa. To shi ke nan. Tunda soyayya kuke so, ga soyayya, sai dai yau da zinki za ku haɗiye ta.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, sunana Juwairiyya, 'yar Alhaji Salih. Hillarmu tana bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan gonaki, tafiyar raksha ce, babur ɗin haya mai ƙafa uku, daga garin Hasahisa. Ina shekarar ƙarshe a karatun injiniya a Madani. A gida ana ce min Bashmuhandisa, wato babbar injiniya, a lokuta biyu kawai: idan fanka ta tsaya, ko idan ana so a yi min dariya.

Abdulmuttalib shi ne mai neman aurena. Yana da shagon kayan gyaran injin ban ruwa a kasuwar Hasahisa. Dogo ne, jallabiyyarsa kullum kamar yanzu aka ɗaga dutsen guga daga kanta, rawaninsa ba ya karkacewa ko a bayan babur. Yana magana a hankali kamar da awo ake ba shi kalmomin. Babu wanda ya tilasta min shi, ku cire wannan daga ranku. Ina son shi. Na faɗa, ku ɗauki hoton wannan layin ku ajiye. Matsalar ita ce duk hillar ma tana son shi, har ta fi ni zafi a kai.

Ga dalili. Bara mahaifiyarsa, Hajja Hannatu, ta rasu, Allah ya jiƙanta. Tana cikin matan da suke zaman karatun Alƙur'ani daga azahar zuwa bayan la'asar a gindin bishiyar nim ta bakin tur'a, kuma ta daɗe tana cewa ina ma a samu wuri mai rufi. Sai ya gina musu musalla, rumfar salla da karatu, sadaka mai gudana da sunanta. Bango uku na jan tubali, ɗaya ta alƙibla, biyu a gefe. Baya a buɗe, ta nan ake shiga, yana kallon kudu inda babu komai sai gonaki har iyakar ganinka. A sama bututun ƙarfe ne da zinki, kwanon rufi irin siririn nan da za ka iya lanƙwasawa a gwiwa.

Da magini ya gama, akwai rata tsakanin kan bango da rufi, kamar kamu ɗaya, ta zagaye duka. Kada ku fara yabonsa, ba hikima ba ce, tubali ne ya ƙare masa. Sai Gwaggo Talatu, yayar mahaifina, ta je duba aiki. Gwaggo Talatu ita ce ofishin bincike na hillarmu, babu albashi babu hutu. Ta tsaya ta duba, ta lura cewa motocin albasa suna bin kan gaɓar tur'a, wadda ta fi ƙasar hilla tudu, kuma samarin da suke zama a kan buhuna za su iya hango mata ta ratar nan suna ruku'u.

"Wanga ba sutura ba ce," in ji ta. "Hannatu da ko idon sawunta ba a taɓa gani ba, a ce ɗakinta na da ido?"

Washegari Abdulmuttalib ya aiko da keken jaki cike da tubali. Aka toshe ratar har jikin zinki, aka bi da siminti, ko ƙadangare ba zai samu hanya ba. Hilla ta yi ta sa albarka. Yaba, wato mahaifina, ya ce yaron nan ko bai tambaya ba an ba shi.

A jami'a kuwa malaminmu ya ce kowa ya zaɓi gini mai siririn jiki ya ƙiyasta ƙarfin da iska za ta ɗora masa, shi ne aikin kammala karatu. Abokaina suka ɗauki allunan talla na Hartum da rumfunan gidajen mai. Ni, sarauniyar soyayya, na ce musallar Hajja Hannatu zan ɗauka. Niyyata in buga aikin, a yi masa bango mai kyau, in miƙa masa ya ga ginin mahaifiyarsa ya shiga jami'a. Na ari tef ɗin tela na je na auna tsawo da faɗi da kaurin zinki da tazarar ƙusoshi. Mata suna ta zunɗe na suna dariya ƙasa-ƙasa, wai amarya ta zo auna labule.

Bari in gaya muku yadda ake aikin, tunda babu wanda ya tambaya. Za ka zana ginin a kwamfuta. Sai ka yayyanka iskar da ke kewaye da shi ta zama ƙananan akwatuna masu yawan gaske, kamar idon rariya, ka ƙara ƙanƙanta su kusa da zinki domin a nan ake rikicin. Sai ka ce wa kwamfuta iska ta taso daga kudu da gudu kaza, irin wadda take zuwa gaban ruwan farko. Ita kuma ta bi akwatunan tana lissafa inda iska ta matsa da inda ta ja. Inda ta matsa ta shafa ja, inda ta tsotsa ta shafa shuɗi. A ɗakin kwamfuta na jami'a aikin yakan ci yini guda, in wuta ba ta ɗauke a tsakiya ta mayar da kai farko ba. Kuma takan ɗauke.

Bangon ƙasa mai kauri yana da nauyin da zai tsaya da kansa. Zinki ba shi da komai sai fuska biyu, ta sama da ta ƙasa, kuma abin da yake ɗauka shi ne bambancin abin da iska take yi a kowace fuska. Da hoton ya fito, saman rufin shuɗi ne, ya fi duhu a bakin kudu da kusurwoyi. Iskar da ta haura ta kansa tana tsotsarsa sama ke nan. Cikin musalla kuwa ja ne wur. Iska ta shiga ta baya, ta tarar da bango a gaba, bango a dama, bango a hagu, babu ko huda, sai ta taru ta tura abin da ya fi sauƙin turawa. Ta sama tana ja, ta ƙasa tana turawa, dukansu hanya ɗaya. Da na haɗa lissafin, ƙarfin ya isa ya ɗaga bas ɗin Hasahisa da fasinjojinta. Ƙusoshin da aka riƙe rufin da su kuwa a warwatse suke kamar haƙoran tsoho.

Na sake zana ginin da ratar a buɗe, yadda magini ya bar ta. Jan ya dusashe. Ba wai komai ya zama lafiya lau ba, gefuna suna buƙatar ƙarin ƙusa mai ƙugiya, amma abu ne da gini zai iya ɗauka. Na kai wa malamina hotunan biyu. Ya cire tabarau ya ce, "Wa yake zama a ciki?" Na ce uwata. Ya ce, "To me kike yi a nan?"

Ranar Alhamis ɗin makon da na dawo Abdulmuttalib ya zo hira da yamma. Yumma, mahaifiyata, ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa, ta dafa jabana, kofin nan mai citta, ta zuba dabino da gugguru a faranti, ta sa turaren wuta. Na sa doguwar rigata ruwan zuma da ɗankwalin da ya taɓa cewa ya yi min kyau, don na san abin da zan faɗa ba zai yi kyau ba. Gwaggo Talatu ta miƙe a kan angareb, gadon igiyar nan, da carbinta, wai iska take sha. Duk gidajen hilla babu iska sai inda saurayina yake zaune.

Na juya masa laftof. Ya daɗe yana kallo.

"Ya yi kyau," ya ce. "Ke kika zaɓi kalolin?"

"Iska ce ta zaɓa."

Na yi masa bayani kamar yadda na yi muku, har da ƙari. Yana riƙe da finjalin jabana, bai sha ba, bai ajiye ba.

"Iskar cikin akwati," in ji Gwaggo daga kan gado, idonta a rufe. "Ko gashin kaza ta taɓa ɗagawa?"

"Juwairiyya," ya ce, "tabbas ne ko zato?"

"Ƙiyasi ne."

"Ƙiyasi."

"Ƙiyasi ne, ya Abdulmuttalib. Iskar kwamfuta mai ladabi ce, da gudu ɗaya take zuwa. Ta waje fizga take yi. In na yi kuskure, ya fi kusa a ce ragewa na yi, ba ƙarawa ba."

"Amma ba ki ce tabbas ba."

"In manomi ya zo shagonka ya ce injinsa yana wani irin ƙara, kakan ce ya jira ya fashe tukuna ku tabbatar?"

Ya yi murmushi. Abin haushi, murmushin nan ne da nake so, mai fitowa ta gefe ɗaya. Na kusa mantawa da abin da nake faɗa, Allah ya taimake ni Gwaggo ta tashi zaune.

"Ke ɗiyar ga, sadakar mamaciya kike yi ma jarrabawa? Mi ya rage, ki tahi kabarin da tef ɗinki?"

"Gwaggo, tubalin da kika sa aka ƙara shi ne ya..."

"Awo, ni na sa. In anka sake gini in sake sawa. Mu da munka girma cikin ɗakin ciyawa, wace iska ce ba mu gani ba?"

"Ɗakin ciyawa iska tana ratsa shi, Gwaggo."

"Ke ma maganar manya ratsa ki take yi."

Abdulmuttalib ya ajiye finjalin, ya gode wa Yumma, ya tafi tun kafin a kawo zagaye na biyu. Duk wanda ya san jabana ya san abin da wannan yake nufi.

Bayan magariba Yaba ya kira ni. Yana zaune a tabarma yana warware rawani, bai dube ni ba.

"Mutum ya gina ma uwatai ɗaki," ya ce, "ke ki dube shi ki ce zai kashe mutane. In ke ce, kina auren mai faɗin haka?"

"Ban ce shi zai kashe ba, Yaba. Na ce rufin..."

"Rufin wa?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Ki kama bakinki har a ɗaura. Bayan nan ki gaya mishi cikin ɗaki, sannu, kamar yadda mata masu hankali ka yi. Uwarki ta sa na sake abu nawa cikin gidan ga, kin taɓa jin ta faɗi gaban mutane?"

"Yaba, sai bayan girbin dawa za a ɗaura. Iskar kuwa gaban ruwan farko take zuwa. Yanzu ke nan."

"Iska ta Allah ce."

"Zinkin kuma na Hasahisa ne."

Kada ku gwada wannan a gidajenku. Kwana biyu Yaba yana amsa gaisuwata da hanci.

Shi kuwa Abdulmuttalib, don ya nuna ya saurare ni, ya samo tsofaffin tayoyin tarakta da manyan duwatsu, aka hau aka jera su a tsakiyar rufin. Hilla ta sake sa albarka. Ku dubi haƙurin yaron nan, yarinya ta zage shi, shi kuma yana lallashinta da taya. Da yamma saƙonsa ya shigo.

Shi: Kin gani? Na ji maganarki.

Ni: Na gani. A tsakiya ka sa su, shuɗin yana gefe.

Shi: Nauyi ai nauyi ne.

Ni: In rufin ya tashi, a kan wa nauyin zai sauka?

Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa, ya daina. Can sai ga hoton wata jar zuciya tana bugawa. Na kifa wayar na je na wanke kwanuka da ƙarfin da Yumma ta leƙo ta tambaya ko faɗa ake yi.

Ranar Asabar da ta wuce na bi Yumma karatu. Ta yafa tob ɗinta, babban mayafin nan mai ruwan toka, ta rungumi Alƙur'aninta a ƙirji, ta wuce sahun gaba inda aka ware mata tun da aka fara maganar aurena. Ni na zauna a baya kusa da takalma. Wurin yana da daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Tabarmi sababbi, randa a kusurwa da ƙoƙo a kai, sunan Hajja Hannatu a bango da koren fenti. Tsofaffi suna bin sura da yatsa, wata tana gyara wa wata madda.

Wajen la'asar kudu ta yi rawaya. Ba habub ta gaske ba ce, guguwar ƙurar nan mai haɗiye rana, ƙanwarta ce kawai. Ta shigo ta bayanmu ta ɗaga gefen mayafai. Sai zinkin ya yi wani ƙara, bum, kamar an doki ganga daga ciki. Na ɗaga kai. Kusurwar kudu ta hagu, daidai inda shuɗin ya fi duhu a hotona, ta ɗaga har na ga layin haske tsakanin zinki da ƙarfe. Ta sauka. Ta sake ɗagawa, ta sake sauka. Rufin gaba ɗaya yana kumbura yana saki kamar ƙirjin mai barci. Ƙura ta zubo a kan shafukan da ake karantawa, wani dutse ya gangara a sama ya tsaya.

Karatu ya yanke.

"Ku ci gaba," in ji Gwaggo Talatu. "Ko zinki na tasbihi."

Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi da sauri don a rufe wani abu. Yumma ba ta yi ba. Ta ɗaga kai ta dubi kusurwar, ta waiwayo ta dube ni, sannan ta busa ƙurar da ke kan shafinta ta ci gaba daga inda ta tsaya. Da aka watse na tsaya a ƙarƙashin kusurwar. Ramukan ƙusa sun yi faɗi, ana ganin sama ta gefen kowace ƙusa.

Washegari da safe na same ta a madafa tana shafa kisra, siririyar wainar dawar nan, a kan kasko, tana ɗagowa da yatsa biyu tana jerawa a faifai.

"Yumma, kin gani jiya."

"Na gani."

"To kin yarda?"

"Na yarda da ke tun ran da kinka nuna min akwatin. Ni na haife ki, na san fuskarki in kina neman hwaɗa, na san ta in kina jin tsoro."

"To kada ki koma."

Ta zuba wani ƙullun ta ja shi da sauri har ya rufe kaskon.

"In ban tahi ba, uwar amarya ta ƙi ɗakin uwar ango. Hannatu na kabari, ba ta da bakin cewa ba komi. Kina so a ce mun raina ta?"

"Sauran matan fa? Ba su ji ƙarar ba?"

"Kowa ta ji. Akwai wadda ta ce min tun jiya gabanta ke hwaɗuwa. Akwai wadda ta bar kawo jikanta. Amma wa za ta fara zama gida? Wadda ta fara, ita ce maras mutunci. Da duka za a ƙi tahiya rana guda, da ba laihin kowa."

Ta miƙo min kisra mai zafi, wadda gefenta ya ƙone, irin wadda nake so. Da azahar ta yafa tob ta tafi. Na tsaya a ƙofar gida ina kallon bayanta har ta shige ƙarƙashin tayoyin.

Shi ya sa na saka muku hoton ranar Litinin. Kun san abin da kuka yi da shi.

Jiya Talata na shiga Hasahisa na wuce shagon Abdulmuttalib. Yana tsaye a bayan kanta cikin warin man inji, hannun jallabiyya a naɗe. Maƙwabcinsa mai sayar da tiyo ya gan ni ya ɗaga murya, "Ya zol, kai mutumina, ga mai duba aiki ta iso, ka ɓoye abin da ba daidai ba." Aka yi dariya a layin. Abdulmuttalib bai yi ba. Ya jawo min kujera zuwa ciki, ya aika a kawo min ruwan karkade, wato zoɓo, mai sanyi.

"Na je da kaina," ya ce, murya ƙasa. "Da safe, ba kowa. Na ga ramukan."

"To?"

"Na yarda da ke."

Na fito da waya na nuna masa abin da na zana.

"Ba sai an bar rata a buɗe ba. Duba. A cire layukan sama, a mayar da tubalin a karkace, kowane yana jingine da tazara. Iska ta wuce, ido ba ya wucewa. Ko mutum a kan raƙumi yake a kan motar albasa ba zai ga komai ba. Sai a ƙara ƙusa mai ƙugiya a gefuna, a sauke tayoyin nan. Aikin yini ɗaya ne. Na gwada shi a kwamfuta, jan ya sauka."

Ya karɓi wayar ya buɗa hoton da yatsa. Ya fahimta, na ga ya fahimta, mutum ne da ya san abin da matsi yake yi wa bututu.

"Za a yi," ya ce. "Bayan aure."

"Abdulmuttalib."

"Ki saurare ni. Kin ji abin da wancan ya faɗa yanzu. A kasuwar nan an fara kirana mijin Bashmuhandisa. Baffannina sun ga hoton da kika saka. Sun ce in na fasa bangon uwata a kan maganar yarinyar da ban aura ba tukuna, to su sun san wanda zai riƙa ɗaura rawani a gidana."

"Da namiji ne ya kawo hoton fa?"

Ya miƙo min wayata, ni kuma na ƙara.

"Da gemu ne ya faɗa, da yanzu an cire?"

"Ni na ɗora tubalin farko a ratar nan da hannuna, Juwairiyya," ya ce. "Ina ɗorawa ina tuna yadda take jan mayafi in mota ta wuce. Na ɗauka abin da take so na yi mata."

Na zo da maganganu masu kaifi cike da jaka, babu wadda ta fito. Idonsa ya yi ja, ya juya yana gyara wasu kwalaye da ba su buƙatar gyara. Na so in ce masa na sani, na so in ce Hajja Hannatu da kanta ba za ta so a kwashe ƙawayenta daga ƙarƙashin sunanta a kai asibiti ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Uwata tana ciki kullum."

"Allah zai tsare."

"Amin. Shi ya ba mu guduma."

Na bar karkaden ban sha ba.

Da na dawo gida na tarar Gwaggo ta riga ni, labari kuma ya riga ta. Yaba ya yanke hukunci a tsaye, ko zama bai yi ba. Jibi Juma'a baffannin Abdulmuttalib za su zo bayan masallaci a tsayar da magana. Kafin nan in goge hoton daga gurub, in yafa mayafi in bi Gwaggo gidan gwaggonnin Abdulmuttalib in ba da haƙuri. In ban yi ba, shi da bakinsa zai ce musu su dakata, don ba zai miƙa wa mutanen kirki 'yar da ta fi ƙarfinsa ba. Yumma tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Yau da asuba saƙon Abdulmuttalib ya shigo. Layi ɗaya: Ki goge hoton, ki bar min sauran.

Ban amsa ba. Na buɗe, na rufe, na sake buɗewa. Ina son mutumin nan, kuma na san in ya ce zai yi abu yana yi. Amma sauran da yake so in bar masa sai bayan girbi ne, ni kuma tun da gari ya waye nake kallon kudu. Ban goge ba, ba kuma zan goge ba. Abin da zai faru ranar Juma'a ya faru a kaina, ni na jawo.

Yanzu saura ku.

Ke da kike karanta wannan a kan gado a Hartum ko Madani, uwarki ko kakarki tana cikin matan nan, na san sunayensu, na zauna kusa da takalmansu. Ki kira ta kafin azahar ɗin yau. Ki ce mata daga yau karatu ya koma tsakar gidan Alhaji Salih har a gyara rufi. Yumma ta ce za ta shimfiɗa tabarmi ta cika randa, in dai ba ita kaɗai za a gani ba. Ba sai kin yi mata bayanin ja da shuɗi ba, ta ji ƙarar da kunnenta, jira kawai take wata ta ce mu tafi tare.

Ku kuma maza, masu gemu da masu shirin tsayar da shi, kuna da lambar Abdulmuttalib, ita kuke nema duk ranar da injin babanku ya tsaya. Ku kira shi. Ku ce kun yi tunani, kun yi shawara a tsakaninku, kuna ganin a karkata tubalin sama a ƙara ƙusa a sauke tayoyi. Kada ku ambaci sunana. Ku ce dabararku ce, na bar muku ita har abada, ku ba jikokinku labarin yadda kuka gano ta. Mutumin yana so ya gyara, murya mai kauri kawai yake jira ta roƙe shi.

Kada ka rubuto min komai a ƙasan wannan. Fita daga nan, ka nemo lambar, ka kira.